Kunnen Maharbi: Wace Na'urar Ji Ce Ta Dace da Wanda Bindiga Ta Rage wa Ji?

Maharbin da ke ɗora gindin bindiga a kafaɗar dama, kunnensa na hagu ne ke fara lalacewa. Mutane kan yi mamaki idan suka ji haka, domin a ganinsu kunnen da ke manne da bindigar shi ya kamata ya fi shan wuya. Amma ƙarar daga bakin bindiga take fitowa. Sa'ad da mutum ya kwantar da kumatunsa yana saiti, kansa yakan ɗan karkata, kunnen dama ya fake a bayan kai da kafaɗa, na hagu kuwa ya buɗe yana kallon inda wutar za ta fito. Ga bahago sai abin ya juya. A Amurka da Turai, inda miliyoyin mutane ke farauta da harbin nishaɗi a ranakun hutu, masu gwajin ji sun saba da wannan, har sukan kalli takardar gwaji su tambayi mutum ko yana harbi tun bai faɗa ba.

Tambayar da irin wannan mutum ke zuwa da ita bayan shekara ashirin ko talatin yana jan kunama kusan ɗaya ce ko'ina: wace na'urar ƙara ji zan saya, kuma zan iya sa ta in tafi wurin harbi? Amsar kashin farko tana da tsawo. Ta kashi na biyu gajeriya ce: na'urar ji ba ta kare kunne. Wanda ya ɗauka da kuɗi ɗaya zai sayi ji ya kuma sayi kariya, ɗan abin da ya rage masa zai ƙarasa.

Da desibel ake auna ƙarfin sauti. Hira ta yau da kullum tana wajen 60. Hukumar NIOSH, mai binciken lafiyar ma'aikata a Amurka, ta ce kada mutum ya wuce awa takwas a cikin ƙarar da ta kai 85, kuma duk ƙarin desibel uku yana rage lokacin da rabi: awa huɗu a 88, awa biyu a 91, minti 15 kacal a 100. Ga ƙara mai fashewa lokaci guda, 140 ce iyaka. To, 'yar ƙaramar bindigar nan mai harsashin .22, wadda Amurkawa ke koya wa 'ya'yansu harbi da ita, tana kai wa wajen 140 ɗin. Bindigar harbin tsuntsaye da manyan bindigogin farauta suna tsakanin 155 da 170, wasu har su zarce. Bindiga mai gajeren baki ta fi mai dogo dukan kunne. Ɗakin harbi mai bango da rufi ya fi fili illa saboda amsa-kuwwa. Ƙarfen da ake ɗaura wa bakin bindiga don rage naushin da take yi wa kafaɗa kuwa, baya yake juyo da ƙarar, kan mai harbin da wanda ke tsaye kusa da shi. Harbi ɗaya tak yana iya yin ɓarnar da ba ta gyaruwa.

Can cikin kunne, bayan dodon kunne da wasu ƙananan ƙasusuwa uku, akwai wata gaɓa nannaɗaɗɗiya mai siffar katantanwa, cike da ruwa. A cikinta akwai ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi kimanin 16,000, su ne ke mayar da kaɗawar sauti ta zama saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Idan na tsuntsu suka mutu wasu kan tsiro. Na ɗan Adam ba sa tsirowa. Kunne yana da 'yar tsokar da ke ɗaurewa idan an yi ƙara, amma kafin ta motsa, ƙarar bindiga ta shige ta gama aikinta. Toshewar nan da ake ji bayan harbi, wadda kan washe kafin gari ya waye, ita ma ba shaidar tsira ba ce. Binciken da Sharon Kujawa da Charles Liberman suka wallafa a 2009 ya nuna a jikin ɓeraye cewa ko bayan ji ya koma daidai a gwaji, wasu mahaɗan jijiyar ji sun riga sun tafi.

Siffar ɓarnar ita ce ke yanke hukunci kan na'urar da za a saya, don haka a nan ya kamata a tsaya. Bindiga ba ta ɗauke ji gaba ɗaya. Sautuka masu kauri, irin su ganga da injin mota da gurnanin muryar namiji, yawanci suna nan lafiya lau. Siraran ne ke tafiya, musamman tsakanin hats 3,000 da 6,000, wato yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa ɗaya. A takardar gwaji layin yakan faɗa rami wajen 4,000, sannan ya ɗan ɗago a 8,000. A wannan yankin na sama ne baƙaƙe irin su s, sh, ts, f da c suka fi ƙarfi. Wasula da karin sauti, waɗanda Hausa ta jingina da su ƙwarai, suna can ƙasa inda ɓarnar ba ta kai ba. Shi ya sa mai wannan lalura zai rantse maka yana ji sarai, kuma bai yi ƙarya ba: yana jin an yi magana, yana jin tashin murya da saukarta, sai dai bai rarrabe "fata" da "sata", ko "sa" da "sha". A ɗaki, shi da mutum ɗaya, yakan cike giɓin da hasashe. A wurin ɗaurin aure, ko cikin kasuwa, ko in jikarsa mai siririyar murya ta kira shi daga baya, hasashen ya ƙare. Sai ka ji yana cewa yaran yanzu ba sa buɗe baki in suna magana.

Akwai wani abin kuma da ke haɗa shi faɗa da iyali. Kunnen da ƙara ta lalata ba ya jin ƙaramin sauti, amma babba yana soka masa fiye da yadda yake yi wa mai lafiya. Ka yi masa magana a hankali, ya ce me ka ce. Ka ɗaga murya, ya ce daina yi mini tsawa. Tazarar da ke tsakanin "ban ji ba" da "ya yi yawa" ta matse. Wannan ne dalilin da ya sa 'yan na'urorin nan masu araha da ake tallatawa a intanet da kantunan magani, waɗanda aikinsu kawai ɗaga komai sama, ba su da amfani gare shi. Suna ƙara masa kaurin da yake ji tun asali, su cika masa kai da ƙarar janareto da faranti, baƙaƙen da ya rasa kuwa suna nan a ɓace. Bayan mako guda ya jefa ta cikin aljihun teburi, ya ce na'urar ji duk yaudara ce.

Matakin farko, ke nan, gwaji ne a hannun ƙwararre, a ɗakin da aka toshe wa ƙara. A bar harbi da duk wata hayaniya aƙalla awa 14 kafin a je, don kada toshewar wucin gadi ta ɓata sakamakon. A duba ko dattin kunne ne ya cunkushe, domin wani lokaci rabin matsalar ke nan. A nemi a gwada jin magana cikin hayaniya, tunda can ne ciwon yake. In an ga kunne ɗaya ya fi ɗaya lalacewa sosai, kada a yi saurin ɗora wa bindiga; likitan kunne ya duba tukuna, don akwai wani ƙari, wanda ba sankara ba ne, da kan fito a jijiyar ji, kuma hoton MRI ne ke nuna shi. Wanda kuwa ji ya ɗauke masa farat ɗaya a kunne guda, asibiti zai nufa a ranar, saboda maganin wannan a kwanakin farko yake aiki.

Ga mafi yawan maharba, na'urar da ta fi dacewa ita ce wadda jikinta ke rataye a bayan kunne, siririyar waya ta sauko, 'yar lasifikarta ta zauna cikin ramin kunne a lulluɓe da roba mai huji-huji. Hujin nan shi ne hikimar. Ta cikinsa sautuka masu kauri ke shiga da kansu yadda suka saba, na'urar kuma ta ƙara siraran kaɗai. Idan aka toshe kunnen da ke jin kauri lafiya, mutum zai riƙa jin muryarsa kamar wanda ya cusa kai cikin randa yana magana, taunar tuwo ma sai ta dame shi. Galibin irin wannan na'ura tana da makirufo biyu, abin da ke ba ta damar mayar da hankali kan mai magana a gabanka ta danne na bayanka.

Ƙanana masu ɓuya cikin kunne su ne kowa ke fara tambaya, saboda ba wanda ke son a ce ya kurmance. Suna da nasu alherin: iska ba ta cika dukan makirufonsu ba, kuma tunda leɓatun kunne na ci gaba da tattaro sauti, gane inda motsi ya fito ya fi sauƙi. Amma suna toshe kunne, batirinsu ƙarami ne, dattin kunne yana saurin kashe su, kuma mafi ƙanƙantarsu makirufo ɗaya gare su. Ni a ganina, wanda babbar damuwarsa ita ce hira cikin taro, ya haƙura da kunya ya ɗauki ta bayan kunne. Ta yanzu ma sai an lura ake ganinta.

Idan ramin da ke takardar ya yi zurfi ƙwarai, roba mai huji ba za ta wadatar ba, domin da an ɗaga siraran sautuka sosai sai su zille ta hujin su koma makirufo, na'urar ta kama fito. A nan sai a ɗauki awon kunne a ƙera masa toshi nasa na kansa mai ɗan ƙaramin huji. Wasu na'urori kuma suna iya ɗauko sautin da ya yi sama da inda kunne ke kai wa, su sauko da shi inda ake ji. Kamfanin Phonak yana kiran nasa tsarin SoundRecover, sauran ma suna da irinsa. Wasu yana taimaka musu, wasu kuwa suna jin "s" ta koma "sh". A gwada shi a kunne, a kashe, a kwatanta. Mai fama da ƙugin kunne, wanda kusan abokin tafiyar wannan lalura ne, sau da yawa yakan samu sauƙi da zarar ya fara jin sautukan duniya, kuma yawancin na'urori suna da wani sassanyan sauti da ake kunnawa don ɗauke hankali daga ƙugin. In kunnuwan biyu duk sun taɓu, biyu za a saya.

Batun sunan kamfani ba ya buƙatar dogon zance. Kamfanoni biyar ne suka riƙe mafi yawan kasuwar duniya: masu Phonak a Suwizalan, masu Oticon da masu ReSound a Denmak, Widex da Signia da suka haɗe a 2019, sai Starkey a Amurka. Kowannensu yana da na'urar da za ta yi wa maharbi aiki. Abin da ke raba mai jin daɗi da mai da-na-sani shi ne hannun da ya saita ta. Ramin kunnen kowa daban yake, kuma abin da kwamfuta ta yi hasashe ba lallai shi ke isa dodon kunne ba. Ƙwararre na gaske yakan zura wani siririn bututu mai laushi cikin kunne tare da na'urar, ya kunna magana, ya auna abin da ke isa ciki, ya daidaita shi da ma'auni irin NAL-NL2 da aka tsara a Ostareliya. Ka tambayi mai sayarwa ko yana yin wannan awon. In ya fara kame-kame, ka nemi wani. Matsakaiciyar na'ura da aka auna ta fi mai tsadar da aka ciro daga kwali aka liƙa. Ka kuma nemi lokacin gwaji a rubuce, wata guda ko fiye, domin makonnin farko ba daɗi: ƙarar takarda da zubar ruwa za su ba ka haushi kafin ƙwaƙwalwa ta sake sabawa da abin da ta daɗe ba ta ji ba.

Tun 17 ga Oktoban 2022 hukumar FDA ta Amurka ta yarda a sayar wa manya na'urar ji kai tsaye a kanti, in matsalar ƙarama ce ko matsakaiciya, kuma a Satumban 2024 ta amince AirPods Pro 2 na kamfanin Apple su yi wannan aikin. Farashi ya sauka, madalla. Sai dai jin maharbi, mai rami a wuri ɗaya da bambanci tsakanin hagu da dama, shi ne irin wanda saitin kai-da-kai ya fi yi wa kuskure.

Yanzu ga batun wurin harbi. Dillali zai iya ce maka na'urarsa tana danne ƙara mai fashewa. Gaskiya ne, amma abin da yake nufi shi ne ba za ta ƙara wa ƙarar ƙarfi ba; an yi tsarin ne don bugun ƙofa da faɗuwar cokali. Ƙarar bindiga ba ta neman izinin na'ura. Ta hujin robar nan da muka yaba ɗazu za ta bi, kai tsaye zuwa dodon kunne. Har ma wadda ta cika kunne taf ba a gwada ta a matsayin kariya ba, kuma yawanci tana da 'yar kafar shan iska. Kashe ta a bar ta cikin kunne bai canza komai ba.

Abin da ake yi shi ne a cire ta a sa cikin akwatinta, a toshe kunne da abin da aka ƙera don wannan aikin. Toshin soso mai arha yana daga cikin mafi ƙarfi in an sa shi daidai: a murza shi ya zama siriri, a ɗaga hannu ta saman kai a ja kunnen sama, a zura shi can ciki, a riƙe da yatsa kamar rabin minti har ya kumbura. In rabinsa na leƙowa waje, ba a sa ba. Lambar da ake bugawa a jikin fakiti a Amurka takan kai 33, amma a ɗakin bincike aka samo ta, abin da mutum ke samu a zahiri ya gaza haka. A lissafi mai sauƙi, bindiga mai 165 da toshin da ya rage 25 sun bar ka a 140, kan iyaka daidai. Shi ya sa ga manyan bindigogi, da duk harbin cikin ɗaki, ake haɗa biyu: toshi a ciki, marufin kunne a waje. Haɗin ba ya ninka kariya, wajen desibel biyar yake ƙarawa, amma biyar ɗin nan ya rage ƙarfin da ke dukan kunne da fiye da rabi. Marufi kuma sai ya liƙe ruf. Ƙafar tabarau, bakin hula, ko gindin bindiga da ya ture shi sa'ad da aka kwantar da kumatu, kowanne yana buɗe kafa. Yadda ɗan sakin toshi ke da tsada ya fito fili a shari'ar tsofaffin sojojin Amurka da kamfanin 3M kan toshin Combat Arms, wanda suka ce yana sassautawa ba tare da mai shi ya sani ba. A Agustan 2023 kamfanin ya amince ya biya dala biliyan 6 ba tare da amsa laifi ba.

Uzurin mafarauci a kullum shi ne in ya toshe kunne ba zai ji takun nama ba, ba kuma zai ji abokinsa ba. Uzuri ne mai ƙarfi, kuma an ga sakamakonsa. A wani bincike da aka wallafa a 2000 kan maza masu shekara 48 zuwa 92 a garin Beaver Dam na jihar Wisconsin, kashi 95 cikin ɗari na mafarauta sun ce ba su sa wata kariya ba ko sau ɗaya a shekarar da ta gabata, masu harbin nishaɗi kuwa kashi 38. Haɗarin rasa siraran sautuka yana ƙaruwa da kashi 7 cikin ɗari a duk shekara biyar na farauta. Yau uzurin ya raunana, domin akwai marufi da toshi masu lantarki: jikinsu yana tare ƙara kamar kowane toshi, makirufo a waje yana shigo da magana da motsin ganye har ya ƙara musu ƙarfi, amma ba ya barin abin da yake shigowa da shi ya wuce iyaka, Howard Leight Impact Sport, alal misali, a 82 yake tsayawa. Akwai kuma waɗanda ake ƙerawa da awon kunnen mutum, irin SoundGear na Starkey. Mai nauyin ji zai iya gwada barin na'urarsa a ƙarƙashin marufi mai zurfi, sai dai fito da zufa sukan hana. Inda doka ta yarda da bututun rage ƙarar bindiga, kamar Finlan da Nowe, yana cire desibel 20 zuwa 35, abin da ya yi nisa da shirun da ake nunawa a fim. Ana haɗa shi da toshi ne.

Mu a nan ba mu da filayen harbin nishaɗi irin nasu, amma muna da mafarauta da bindigogin toka, muna da 'yan bindigar sarki da ke tayar da hayaƙin albarushi a hawan Sallah a Kano da Katsina da Zazzau, kafaɗa da kafaɗa, kowa yana shan ƙarar na kusa da shi ban da tasa. Audugar da wasu ke cusawa kusan ba ta tare komai. Wanda zai yi amfani da na'urar ji a ƙasarmu yana da ƙarin abin dubawa: ƙurar hunturu da zufar bazara, don haka a nemi mai lambar IP68, a kuma tanadi 'yan matatan da ke tare datti. A riƙa cire ta kafin alwala, a bar kunne ya bushe kafin a mayar. Mai caji tana son wuta kowane dare, sai a nemi wadda akwatinta ke riƙe caji ko a haɗa da ƙaramar sola. Mai batiri kuwa, a tabbata ana samun lambar batirinta a garinku, 312 ko 13, tunda kwanaki kaɗan kowanne ke yi. Kuma na'urar da ɗan'uwa ya aiko daga waje, in ba a saita ta da takardar gwajin mai ita ba, kuma babu mai gyara ta a kusa, asarar kuɗi ce.

Ana yin gwajin ji a Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1999, da sassan kunne, hanci da maƙogwaro na asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano. Duk mai harbi da kunnensa ke ƙugi bayan ya sauke bindiga, ya je a auna shi tun bana. In kuɗin hannunsa bai kai na na'ura ba tukuna, ya fara sayen toshin soso kafin fita ta gaba, ya kuma saya wa yaron da ke riƙe masa jaka.